Hatimin da Na Rasa a Kan Shinkafar Alhaji

Ni sana'ata cika wa mutane takardun haraji ce, kuma na yi shekaru ina yin ta a Gummi ban taɓa tambayar wani ɗan kasuwa nawa ya samu ba. Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce sakaci ne. To, ya zo ya gwada. Ya samu dattijo a bakin injinsa ya ce masa, "Alhaji, bana nawa ka samu?" ya ga ko za a ƙara shimfiɗa masa tabarma. A wurinmu tambayar mutum yawan dukiyarsa rashin kunya ne tun ana zaman lafiya, balle yanzu da amsar ke iya kai mutum daji a bayan babur.

Akawu ne ni a ma'ajin ƙaramar hukuma kafin in yi ritaya, shi ya sa har yau Akawu ake kira na. Da na bar aiki sai na kama ɗan shago kusa da tasha, na sa tebur da benci da wata kwamfuta da sai an lallashe ta take tashi. Masu zuwa wurina ba son gwamnati ke kawo su ba. Wani, banki ne ya ce masa ba rance sai da takardar shaidar biyan haraji, wani kwangila yake nema. Akwai masu injin casar shinkafa na nan Gummi, da dillalan shanu daga Bukkuyum, da masu niƙan dutsen zinari daga wajen Anka, waɗanda tun da gubar dalma ta kashe yara a Dareta ba su son ganin baƙo da biro a aljihu.

Ga yadda nake aikina. In lokacin cika fom ya yi, ni ke zuwa wurin mutum. Mu gaisa, in tambayi iyali da gajiya, sannan in ce, "Ya kasuwa bana?" In ya ce alhamdulillahi ya yi shiru, an samu. In ya ce alhamdulillahi, sai dai haƙuri, to an samu ƙwarai, bakin mutane yake tsoro. Wanda ya yi asara da gaske ba ya cewa komai, shayi kawai yake ta zuba maka. Sauran aikin idona ke yi. In mai injin shinkafa ne, sai in nemi izinin kewayawa, in bi ta bayan injin in dubi tulin ɓuntu, wato ƙaiƙayin shinkafa. Ana iya raba shinkafa sito uku a ɓoye ta, amma ba mai wahalar da kansa ya ɓoye ɓuntu, yana nan tsibi guda awaki na hawa. Daga tsayinsa na san abin da injin ya ci. In koma shago in rubuta adadin da ba zai sa ofis ya ce an raina masa hankali ba, ba kuma zai sa wani mai dogon kunne ya ɗaga gira ba. In kai wa mai shi in karanta masa, ya gyaɗa kai, in sa hannu. Ban ce wannan ce gaskiyar da za a tashi da ita gobe ƙiyama ba. Amma gwamnati na samun wani abu, mutum na kwana a gidansa, kuma tsofaffin ma'aikatan ofis sun san da haka, don su ma nan aka binne cibiyarsu.

Sai aka zo da sabuwar doka. Aka tara mu a Gusau, mu masu wannan sana'a, aka ba mu ruwan roba da biskit, aka karanta mana abin da zai ci mu. Daga yanzu ba mai tsaya wa wani a harkar haraji sai wanda aka tantance aka ba shi lamba. Wannan ban ƙi ba. Na bi duk abin da suka ce, aka ba ni lambata, na kai aka sassaƙa mini hatimi da ita, har da ɗan alfaharina, ba zan ɓoye ba. Sauran bayanin ne ya tsaya mini a wuya. Hukuma na iya leƙa abin da ke shiga asusun mutum a banki, tana iya shiga wurin sana'arsa, tana iya cewa in kawo duk takardun da na yi aiki da su. In kuma aka samu fom bai faɗi gaskiya ba, ba mai dukiya kaɗai za a kama ba, har da wanda ya cika ya buga hatimi: a ci shi tara, a soke lambarsa. Lambar nan kuwa ita ce tuwon gidana. Wanda ya taɓa jiran fanshon ƙaramar hukuma ya san dalilin da ya sa ban sa shi a lissafi ba.

Na ɗaga hannu na ce, in na rubuta duk abin da mutum ya mallaka, hannu nawa takardar za ta bi kafin ta kwanta? Mai jawabin ya yi murmushi ya ce yanzu komai a na'ura yake, sirri ne. Na ce ita na'urar aljani ke danna ta? Aka yi dariya, aka wuce tambaya ta gaba. Shi da rakiyar 'yan sanda ya zo, da ita zai koma. Mu kuwa da aka tashi sai muka tsaya a tasha muna jiran motoci su taru, don ba direban da ke bin hanyar Anka shi kaɗai. A motar nan na yi ta tafasa. Akwai ƙauyukan da sai sun tara wa 'yan bindiga kuɗi kafin a bar su su yanke shinkafar da suka noma da hannunsu, kuma ban ga hukumar da ta samu sabon iko a kan wannan ba. Ikon duk a kaina ya ƙare, ni da teburina mai ƙafa ɗaya a kan bulo.

A cikin mutanena akwai wanda zan kira Alhaji kawai, mai injin casa mafi girma a unguwarmu. Sa'ana ne, tare muka yi iyo a gulbi. Da mahaifina ya rasu ina ƙarami, daga gidansu ake aiko wa Inna da hatsi har muka tasa, kuma Inna ba ta taɓa bari na manta da wannan ba. Alhaji ba jahili ba ne. Yana ɗaga buhu zai ce maka an rage mudu, a auna a ga haka ne. Na san yana da wani sito a wani ƙauye ta wajen Bukkuyum da sunan ƙanin matarsa, na san yana da shanu a hannun wani Bafulatani amininsa. Bai taɓa faɗa mini ba, ban taɓa tambaya ba. Kuma yana da dalilin ɓoyo. An taɓa tare ƙaninsa a hanya aka shiga da shi daji, da aka kira waya sai mai maganar ya riƙa lissafa wa Alhaji kayansa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karantawa daga takarda. Har yau ba a san wanda ya ba su ba. Ƙanin ya dawo bayan an sayar da abin da aka sayar, amma ko ƙarar babur ya ji sai ya shige ɗaki.

Shekarar farko ta sabuwar doka na je wurinsa da niyyar yin abin da ban taɓa yi ba. Na same shi a rumfar gaban injin ana sauke shanshera, shinkafar da ba a casa ba, daga mota. Na yi ta kewaye-kewaye har shayina ya huce, sannan na daure.

"Alhaji, doka ta canza. Yanzu suna ganin kuɗɗin da ka shiga banki. Bana ya kamata mu rubuta gaskiya, ko kusa da ita."

Ya dube ni har sai da na ji kunya kamar ni ne mai laifi.

"Akawu, yaushe munka koma haka ni da kai?"

"Ba ni na ba, Alhaji, su na. In anka samu kuskure, ni za a kama."

"Wa ka kama ka ina da rai? Rubuta yadda kas saba. In wani abu ya taso, ni ag gaba, kai kana bayana."

Na koma shago na ɗan ƙara a kan na bara, don in kwantar wa kaina da hankali. Na kai masa na karanta, ya saurara da ido a rufe, ya ce in maimaita layi ɗaya, na maimaita, ya gyaɗa kai. Na buga hatimin da hannuna, ba wanda ya riƙe mini shi. Wannan na yarda da shi, kuma ba sai wani ya tuna mini ba.

Bayan 'yan watanni, wata ranar Talata da hantsi, Alhaji ya aiko in zo, an yi baƙi. Na tarar da mutum uku daga ofishin haraji. Babbansu bai kai ɗana na fari ba a shekaru, riga a goge, Hausarsa irin ta rediyo, da wata na'ura mai faɗi a hannu. Kafin ya zauna sai da ya zaga bayan injin, na hango shi yana ɗaukar hoton tulin ɓuntu ta kowane gefe. Nan take na gane ba wawa suka aiko ba.

Alhaji ya karɓe su kamar surukai. Aka fito da kujeru, aka damo fura, aka kawo kifi gasasshe. Ma'aikatan injin da 'yan majalisarsa suka taru a gefe. A al'adarmu babban mutum ba ya yawan magana a gaban baƙi in wakilinsa na wurin, kuma yadda yake girmama wakilin shi ne ya ƙasƙantar da kansa. Haka ake yi wajen cinikin gona, haka ake yi wajen sulhu. Babban yakan ce shi bai san komai ba, ga wanda ya sani. Duk wanda ke wurin ya san yabo ne, ba mai ɗaukar maganar a matsayin shaida.

Jami'in ya ce, "Alhaji, abin da ya shiga asusunka ya yi nisa da abin da ke cikin fom ɗin nan. Wannan adadin, kai ka bayar da shi?"

Alhaji ya dafa kafaɗata.

"Ɗana, ni mi nis sani? Ni shinkahwa nis sani. Ai ga Akawu nan. Abin duk da kag gani cikin takardag ga, shi yar rubuta da iliminai. Shekara da shekaru ban taɓa ce mai sa kaza ko cire kaza ba. Ko karatun ta ban iya ba."

'Yan majalisa suka amsa kamar an ba su baki. Wani ya ce gaskiya na, wani ya ce Akawu ai ba shi da na biyu a ƙasar Gummi. Jami'in yana ta danne-danne. Da ya gama ya ɗago.

"Alhaji, ka yarda in rubuta haka, ka sa hannu? Cewa ba kai ka ba da adadin ba, wakilinka ne ya sa shi da kansa?"

A nan Alhaji ya ɗan yi shiru. Bai kai a haɗiye yawu sau biyu ba. Ya saci kallona, ya mayar da ido kan kwanon fura.

"Rubuta, ɗana. Rubuta da kyau."

Ni kuwa ina zaune da ludayi a hannu. Me zan ce? In buɗe baki in ce ƙarya ne, na karanta masa, har layi ya sa na maimaita? In ƙaryata mutum a bakin injinsa, a gaban baƙinsa da barorinsa, alhali yanzun nan ya gama yabona? Ba a yi. Tarbiyyar da aka yi mini ta kama ni ta zaunar. Har murmushi na yi, irin na wanda aka yaba. Allah ya isa tsakanina da wannan murmushi.

Na daɗe ina juya abin a raina. Maganarsa ta farko na iya ba shi uzuri, bakinsa ne ya bi hanyar da ya saba. Amma da aka ce ya sa hannu ya fahimta sarai. Na ga ya fahimta, ya auna ni a gefe ɗaya, ya auna sitonsa a gefe ɗaya, ya zaɓa. Wannan ɗan shirun ne ban yafe ba.

Mako bai zagayo ba takarda ta iso, ana nema na a ofis. Na je aka shanya ni a benci har azahar, sannan jami'in ya kira ni. Ladabi kam yana da shi, irin ladabin da ke sa mutum ya ji kamar ya mare shi.

"Baba, zauna. Maganar gajeriya ce. Alhaji ya ce bai san komai ba, a gaban shaidu, kuma kana wurin ba ka musa ba. To, abu biyu ne. Ko dai kai ka ƙirƙiri adadin, wanda ke nufin tara da soke lamba. Ko kuma ɓoye maka ya yi. In ɓoye maka ya yi, ga takarda, rubuta mana duk abin da ka san yana da shi wanda bai shiga fom ba, da inda yake. Ka sa hannu, ka tafi da lambarka."

"Takardag ga, wa da wa ka ganin ta?"

"Ma'aikata ne kawai, Baba."

"Ma'aikatan ba su da abokai? Ba su zama majalisa? Ba su da ƙanin da ka bin bashi?"

"Baba, wannan ba hurumina ba ne. Ni doka nake bi."

Ya ba ni mako biyu in yi shawara. Na fito ina jin kamar in tsine wa duk wanda ya zauna a ɗaki mai sanyi ya tsara dokar nan. Sun san ba za su iya kama mai dukiya ba, don shi yana da mutane, sai suka ce bari mu matse wanda ke riƙe masa biro, shi zai yi mana leƙen asiri kyauta. Infoma suke so in zama, sai dai mai lamba.

Daga tasha ban shiga gida ba, injin na wuce. Na samu Alhaji shi kaɗai bayan la'asar. Na ce masa abu ɗaya nake roƙo: ya je ya gyara maganarsa, ya ce na karanta masa ya yarda. In laifin ya rabu biyu, ƙila a bar mini lambata.

Ya yi ta jan carbi kafin ya amsa.

"Akawu, in nic ce na sani, ya zama da gangan ke nan. Sai su baje mani komi, su bi har inda ba a so a bi. Kai ko ka san abin da yaf faru da ƙanena."

"Kai kac ce kai ag gaba."

"To ai ina gaba. Tarar da anka aza maka, ni ka biya."

"Lamba fa? Ana sayen ta kasuwa?"

"Allah shi ka ba da abinci, Akawu, ba lamba ba."

Wa'azi ya yi mini! Mutumin da injinsa ke ruri a bayansa har ba mu jin juna sosai, shi ke gaya mini Allah ke ba da abinci. Na sani, tun kafin ya je Makka na sani. Na tashi ban yi masa sallama ba, abin da ban taɓa yi wa wani mahaluki ba. Tarar ma na rantse a raina ba zan bar shi ya biya ba, don kada gobe a ce ya saye ni.

Na shiga gida da niyyata a ƙulle: zan rubuta. Sito, shanu, sunan ƙanin matar, har kwatancen hanya. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma gidanmu ba a ɓoye wa Inna magana. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, kunnenta kuwa ko allura ta faɗi a zaure sai ta ji. Ta aiko a kira ni, na same ta a tsakar gida tana tsintar wake.

"An ce za ka kai sunan kayan mutane ga gwamnati."

"Inna, shi yaf fara. Gaban mutane yas sayar da ni."

"Hatsin gidansu na cikin ƙashinka."

"Na biya hatsin nan, Inna! Shekara nawa ina yi mai aiki rabin kuɗɗi? Sai na mutu za a ce na gama biya?"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ba ta ko ɗago ba, ta ci gaba da tsintarta.

"To na ji, ka biya. Bar zancen hatsi. In kar rubuta, takarda tab bi hannu, anka zo anka ɗauke mai ɗiya, wane ruwa ka wanke ka?"

Na so in ce ba ruwana. Amma ina! 'Ya'yan Alhaji a gabana aka haife su, ƙaramar tana biyowa ta gaban shagona kullum in za ta Islamiyya, ta leƙo ta gaishe ni. Ban san ko takardar za ta fita ba, ƙila ta kwanta a na'urarsu har abada. Amma ban sani ba ɗin nan shi ne matsalar. Na ji haushin Inna don ta faɗi gaskiya, na ji haushin yarinyar don tana gaishe ni, na ji haushin Alhaji don ya san ba zan iya ba. Tun a rumfa ya san haka, da wannan ya yi lissafinsa.

Ranar da mako biyu ya cika na koma ofis. Jami'in ya turo mini farar takarda da biro. Na tura masa abinsa.

"Ni nis sa adadin. Ban san komi ba bayan wannan."

"Baba, ka san ba gaskiya ba ne. Ni ma na sani. Kana kare mutumin da bai kare ka ba."

"Na sani."

"To don me?"

"Ranad da kac cika shekara guda kana kwana Bukkuyum ba ɗan sanda a ƙohwa, ka zo in hwaɗa maka."

Bai ji haushi ba, wannan ma ya ƙara ƙona mini rai. Ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya danna abin da zai danna. Aka yanka mini tara, na sayar da babur ɗina na biya. Lamba kuwa aka soke ta. Hatimin ba su ma karɓa ba, suka bar ni da shi, ɗan katako da roba.

Alhaji ya cika abin da suka ce ya rage a kan kuɗin banki, aka rufe fayil ɗinsa, ba wanda ya taka ƙauyen nan na wajen Bukkuyum. Injinsa ko yini ɗaya bai tsaya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni kuwa mutanena suka watse ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba, fom ɗin da ba lamba takardar ƙosai ce. Waɗanda suka ce ba ni da na biyu a ƙasar Gummi, su ne suka fara cewa ai dama Akawu ya cika wayo. Na koma buga wa mutane takardar neman aiki da katin suna. Watanni suka shuɗe, aka fara auna hatsi a gidana da gwangwani, matata ta daina tambayata kuɗin cefane don ta gaji da ganin fuskata.

Da lokacin fom ya sake zagayowa, sai ga Alhaji a shagona. Tun da na buɗe shi bai taɓa tako ƙafarsa ba. Ya zauna a bencin kamar jiya muka rabu, ya tambayi Inna, ya tambayi yara. Na amsa a gajarce. Sannan ya ciro takardu daga aljihun babbar riga ya ajiye a teburina.

"Na samu wani mai lamba, daga Gusau. Amma baƙo na, ba ni buɗe mai cikina. Kai ka cika yadda kas saba, shi ya zo ya buga hatiminai. Ladanka na nan, har da ƙari. Kuma ba ni ɗai ba, masu inji huɗu na bayana."

"Ya san abin da za ya sa hannu a kai?"

"Mutum na mai ladabi. Ba shi da yawan tambaya."

Ya kamata in watsa masa takardun a fuska. Na ma hango kaina ina yi, har da abin da zan faɗa. Amma a safiyar ranar na ga matata tana kankare gindin tukunya tana raba wa yara, ta juya mini baya don kada in gani. Na bar takardun a inda ya ajiye su. Shi ma bai jira amsa ba, ya san ta. Da yamma na bi ta bayan injinsa a ƙafa na dubi ɓuntu.

Mai lambar ya zo ranar Alhamis a motar haya. Mutum ne siriri mai gilashi, sabon shiga sana'ar, ya ce mini matarsa ta haihu kwanan nan, wannan ne babban aikinsa na farko. Ya cire takalmi a ƙofar shagon da ko ni ba na cirewa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi ta godiya wai na rage masa wahala. Na jera masa fom biyar a tebur. Ya ciro hatiminsa daga cikin ƙyalle, sabo fil, ya danna shi a tawada, sai ya tsaya da hannu a sama.

"Baba, akwai abin da ya kamata in duba kafin in buga?"

Na ce masa babu.